Yunwa da Ƙoshi a Ƙasar Funtua da Malumfashi: Tarihin Wata Tambaya

Ƙasar da ta tashi daga Funtua ta bi ta Bakori da Kafur har Malumfashi, ta kuma karkata yamma zuwa Faskari da Ɗandume da Sabuwa, ita ce rumbun Jihar Katsina, domin damina ta fi tsawo a can fiye da arewacin jihar, ƙasar noman kuma tana riƙe danshin da dawa da auduga, daga baya kuma masara, suke bukata. Duk da wannan albarka yankin bai taɓa rabuwa da yunwa ba, saboda haka mutanensa suka daɗe suna tara ilmi a kan ci da rashin ci, ilmin da ya dunƙule a cikin tambayar da mai dubiya yake fara yi a kowane gida, wato ko majinyacin yana cin abinci. Wannan tambaya tana da tarihi, kuma tarihin nata ya bi ta bakin rumbu da ɗakin mai jego da sikelin likitocin da suka yi aiki a Malumfashi a shekarun 1970, kafin ya haɗu da binciken da aka yi a Landan da Osaka a kan wasu sinadarai da tumbi da hanji ke zubawa cikin jini domin su sanar da ƙwaƙwalwa lokacin sa hannu a akushi da lokacin tsame shi.

Harshen Hausa da kansa ya rarrabe al'amarin tun kafin likitanci ya rarrabe shi. Yunwa ita ce bukatar ciki wadda kowane abinci zai iya kashewa, kwaɗayi kuwa son abu ne mai daɗi ko da ciki a cike yake, marmari kuma kewar wani abinci ne da aka daɗe ba a ci ba, yayin da haɗama ta zama aibi na hali da ake yi wa yaro faɗa a kansa. A ɗaya ɓangaren akwai ƙoshi, wanda yake zuwa da natsuwa, akwai kuma ginsa, wato abinci mai maiƙo ko zaƙi ya fita ran mutum tun cikinsa bai cika ba. Manomi ya san cewa abinci biyu masu yawa ɗaya ba sa riƙe ciki daidai, shi ya sa wanda zai wuni yana huɗa yake neman ɗumamen tuwon dawa da safe da fura da rana, yana ganin koko abu ne da ba ya kai mutum hantsi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, in ji masu iya magana, kuma a ƙasar da garma da fartanya suke hannun mutum wannan zance lissafi ne na zahiri.

Lissafin ya fi tsanani a tsakiyar damina. A tsarin gandu, inda uba da 'ya'yansa ko 'yan'uwa suke noma gona ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya, maigida ne yake buɗe rumbu yana fitar da awo, kuma hikimarsa ita ce ya ja hatsin bara har ya riski na bana. Watannin Yuli da Agusta, lokacin marka, su ne suka haɗa abubuwa uku marasa daɗin haɗuwa: aikin gona yana kan ganiyarsa, rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa kuma sun yawaita. A nan ne ake rage awo, a ƙara da kwaɗon tafasa da rama da zogale, a jira gero ya nuna a gasa tumu. Wanda abin ya fi ƙarfinsa yakan ci bashin falle, wato ya karɓi hatsi ko kuɗi da damina a kan zai biya da amfanin gona da kaka, kuma masanin nan Paul Clough, wanda ya zauna a Marmara ta ƙasar Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya yi bayani mai tsawo a kan yadda bashi da fataucin hatsi suka ɗaure mai shi da marar shi a cikin dangantakar da ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Goro ma yana da gurbinsa a nan, domin matafiya da masu aiki sun daɗe da sanin cewa taunarsa tana danne yunwa na ɗan lokaci.

Bayan yunwar kowace shekara akwai manyan yunwoyi da aka raɗa wa suna, irin su Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914 da Mai Buhu ta 1927, sai kuma farin 1972 zuwa 1974 wanda dattawa da yawa suke tunawa har yau. Zamanin Turawa ya sauya yanayin abin, domin haraji ya koma na tsabar kuɗi, auduga ta zama hanyar samunsu, layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua ya kai Ƙauran Namoda a 1929, garin kuma ya bunƙasa da injin gurzar auduga da kantunan kamfanoni. Michael Watts, wanda ya rubuta tarihin yunwa a ƙasar Hausa a 1983, ya kafa hujja da cewa tilascin sayar da hatsi da kaka domin biyan haraji ya raunana tsofaffin hanyoyin tanadi, ta yadda fari kaɗan yakan zama bala'i. A duk wannan zamani ana kallon yunwa ne a matsayin rashin abin da za a ci, kuma maganinta a bayyane yake.

Sai dai akwai wata matsala ta biyu da matan gida suka fi kowa saninta, wato ga abinci amma ba a iya ci. Majinyacin da bakinsa ya yi ɗaci ana jiƙa masa tsamiya, ko a ba shi jiƙon maɗaci da sauran saƙe-saƙi masu ɗaci da aka yi imani suna wanke ciki su buɗe shi, a yi masa romo mai yaji da daddawa. Mai jego ana ɗura mata kunun kanwa da tuwo da nama mai yaji har kwana arba'in, domin cinta shi ne nonon jariri. Mafi hatsarin mataki shi ne yaye, wanda a al'ada ake yi lokaci guda idan yaro ya kusa shekara biyu, sau da yawa ta hanyar kai shi wurin kakarsa, kuma idan yayen ya faɗo a damina, ko uwa ta yi sabon ciki aka gaggauta shi, yaron yakan koma kan kunu tsararo a daidai lokacin da cututtuka suka fi yawa. Likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau, ta siffanta wannan ciwo a 1933, ta kuma ba shi sunan kwashiyoko a 1935 daga harshen Ga, inda kalmar take nufin ciwon yaron da ƙane ya ture daga nono. Alamominsa su ne kumburin ƙafa da fuska, da jan gashi, da saɓewar fata, da kuma abin da ya fi ɗaure kai: yaron da jikinsa ya fi kowane jiki bukatar abinci shi ne yake kau da kai idan aka miƙo masa cokali. Hausawa sun haɗa wannan da ramewar da ba ta da kumburi a ƙarƙashin suna ɗaya, tamowa.

Shekarun 1970 sun kawo wa yankin baƙi iri biyu a kusan lokaci ɗaya. A 1975 aka buɗe Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da na Gombe, wanda ya kawo takin zamani mai rahusa da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, ya kuma fitar da masara daga bayan gida, inda ake shuka ta domin gashi, ya mai da ita babban amfanin gona. A gefe guda kuma Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, ta zama filin koyarwa da bincike na sashen likitancin al'umma na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a nan aka gudanar da Shirin Binciken Cututtukan da Suka Zauna da Gindinsu na Malumfashi tare da Makarantar Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool. Rahotonsa na farko ya fito a 1977 da sunayen Bradley da Gilles da Farfesa Umaru Shehu, daga nan kuma rahotanni suka biyo baya a kan tsargiya da zazzaɓi da saran kububuwa da yawan haihuwa da mutuwa. An riƙa bin gidaje ana ƙidaya mutane, ana ɗora yara a sikeli, ana auna tsayinsu, ana dawowa bayan wata a sake.

Biyu daga cikin ayyukan wannan zamani sun shafi batun ci kai tsaye. Andrew Tomkins ya bi yara sama da 300 a ƙauyukan Malumfashi cikin damina, ya wallafa a mujallar Lancet a 1981 cewa yaran da suka riga suka rame su ne gudawa ta fi kamawa, kuma ta fi daɗewa a jikinsu, abin da ya nuna cewa ramewa da ciwo suna ciyar da juna, domin ciwo yana kashe sha'awar ci, rashin ci yana raunana jiki, raunin kuma yana buɗe wa wani ciwon ƙofa. Richard Longhurst kuwa ya zauna a Dayi ta ƙasar Malumfashi yana lissafa aikin da gidaje suke yi da abincin da suke ci a kowane yanki na shekara da yadda hakan yake bayyana a jikin yara, ya fitar da sakamakonsa a 1984. Waɗannan masana sun iya auna abin da ya shiga baki da abin da sikeli ya nuna, amma abin da yake faruwa tsakanin biyun, wato dalilin da zai sa ciki ya nema ko ya ƙi, ilmin lokacin bai riga ya kai gare shi ba, domin manyan sinadaran da suke tafiyar da shi wasu ba a gano su ba, wasu kuma an gano su ba a san aikinsu ba.

Asalin wannan reshe na ilmi yana komawa 1902, lokacin da William Bayliss da Ernest Starling na Kwalejin Jami'a ta Landan suka nuna a jikin kare cewa idan tsamin tumbi ya sauka cikin ƙaramin hanji, hanjin yana sakin wani sinadari cikin jini wanda yake umartar fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, ta zubo ruwan narkar da abinci, ko da an yanke jijiyoyin da ke tsakaninsu. Sun kira shi sikiritin, kuma a 1905 Starling ya ba irin waɗannan sinadarai suna na gaba ɗaya, homon, wanda ake iya fassarawa da ɗan aiken jini: abu ne da wata gaɓa take haɗawa, jini ya ɗauke shi, ya kai saƙo ga wata gaɓa mai nisa. Abin lura ne cewa homon na farko da aka sani a duniya daga hanji ya fito, amma an shafe shekara saba'in ba a danganta hanji da sha'awar ci ta wannan hanya ba. Ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne na Walter Cannon, wanda a 1912 ya sa ɗalibinsa Washburn ya haɗiye balan-balan, ya nuna cewa ƙugin yunwa yana zuwa daidai da murɗawar tumbi marar komai. Bayanin ya yi daidai da abin da kowa yake ji a jikinsa, sai dai ya kasa faɗin dalilin da ya sa mutanen da aka cire wa tumbi da tiyata suke ci gaba da jin yunwa.

Ƙofa ta buɗe a 1973, shekarar da fari ya yi tsanani a ƙasar Hausa, lokacin da James Gibbs da Gerard Smith da abokin aikinsu a Amurka suka yi wa ɓeraye allurar wani homon na ƙaramin hanji da ake taƙaita sunansa da CCK, wanda tun 1928 aka san shi da matse maɗaciya, sai ɓerayen suka daina ci da wuri. A 1980 Kazuhiko Tatemoto da Viktor Mutt suka ware PYY daga hanjin alade a Cibiyar Karolinska ta Suwidin, a tsakiyar shekarun 1980 kuma Joel Habener da Svetlana Mojsov da Daniel Drucker a Amurka da Jens Juul Holst a Denmak suka fayyace GLP-1, wanda ƙarshen ƙaramin hanji da babban hanji suke saki bayan an ci abinci, yana ƙara fitowar insulin mai daidaita sugan jini, yana jinkirta saukar abinci daga tumbi, yana kuma rage sha'awar ci. A 1994 Jeffrey Friedman ya gano leftin, wanda ba daga hanji yake fitowa ba, daga kitse ne, aikinsa kuma shi ne sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ta rage, kamar yadda maigida yake leƙa rumbu. Duk waɗannan masu cewa a dakata ne. Mai cewa a ci bai bayyana ba sai a Disamban 1999, lokacin da Masayasu Kojima da Kenji Kangawa da abokan aikinsu a Osaka ta Japan suka fitar da girelin daga tumbin ɓera. Saƙonnin duka suna haɗuwa ne a wani ɗan yanki na ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamos da kuma gindin ƙwaƙwalwa, wasu ta jini, wasu ta doguwar jijiyar da ta haɗa ciki da kai.

Abin da ya tabbata a ɓera ba ya zama hujja a kan mutum sai an gwada, kuma tsarin gwajin yana da sauƙin fahimta. Masu sa kai sukan zo asibiti sau biyu da azumin dare, a rana ɗaya a ɗura musu homon ta jijiya, a ɗaya ranar a ɗura ruwan gishiri marar magani, ba tare da su ko mai ɗurawar sun san wace rana ce wace ba, sannan a ajiye musu abinci fiye da ƙima, a auna abin da suka ci. Da wannan tsari ne rukunin Stephen Bloom na Asibitin Hammersmith a Landan ya nuna a 2001 cewa girelin ya ƙara abin da mutane tara suka ci da kashi 28 cikin 100, a 2002 kuma Rachel Batterham ta wannan rukuni ta nuna cewa PYY ya rage cin yini guda da kusan kashi ɗaya cikin uku. David Cummings na Jami'ar Washington ya gano cewa girelin yana hawa kusan ninki biyu dab da lokacin cin abinci, ya sauka cikin awa guda bayan an ci, kuma a 2002 ya nuna cewa mutanen da suka rage kashi 17 cikin 100 na nauyinsu ta hanyar rage ci girelinsu ya ƙaru da kashi 24, wato jiki yana yaƙi domin ya maido abin da ya rasa. An kuma lura cewa ko mutum bai ci komai ba girelin yakan tashi a lokutan da ya saba ci, ya sake kwanciya da kansa bayan 'yan sa'o'i, abin da duk mai azumi ya sani, domin yunwar azahar takan lafa kafin la'asar ba tare da an sa komai a baki ba.

Tafiyar ba ta kasance a miƙe ba. A 2004 ɗakunan bincike da dama sun bayyana cewa sun kasa maimaita sakamakon PYY a jikin ɓeraye, maganin shaƙa da aka yi da shi ya faɗi saboda tashin zuciya da amai, ƙoƙarin toshe girelin domin rage ƙiba kuma bai haifar da magani ba. GLP-1 ne ya yi nasara, bayan an shawo kan matsalarsa ta narkewa cikin jini a 'yan mintuna. A 1992 John Eng, likita a wani asibitin tsofaffin sojoji a New York, ya sami sinadari mai kama da shi amma mai daɗewa a dafin wani ƙadangare na hamadar Amurka, wanda ya zama maganin ciwon suga a 2005. Kamfanin Novo Nordisk na Denmak ya bi da nasa, har ya kai ga semagulutayid, allurar mako-mako da aka amince da ita a 2017 da sunan Ozempic domin ciwon suga, a 2021 kuma da sunan Wegovy domin ƙiba. Gwajin da ya kafa hujjar, wanda aka wallafa a 2021, ya ƙunshi mutum 1,961 na tsawon mako 68, inda masu karɓar maganin suka rage kashi 14.9 cikin 100 na nauyinsu, masu karɓar allurar da babu magani a ciki kuma kashi 2.4. An yi shi a ƙasashe 16, babu ko ɗaya ta Afirka a cikinsu.

Kuskure ne a ɗauka cewa wannan ci gaba bai shafi Funtua ba. Masarar da shirin 1975 ya yaɗa, da shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba da suka biyo baya, sun sauya akushin mutanen gari, babur ya maye gurbin tafiyar ƙafa, ciwon suga da hawan jini kuma sun zama zancen yau da kullum a asibitoci. Wani bincike da aka yi a Bamako tare da Jami'ar Purdue ta Amurka, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa tuwon dawa da na gero suna ɗaukar kusan ninki biyu na lokacin da shinkafa ko dankali ko taliya suke ɗauka kafin su bar tumbi, wanda hakan tabbaci ne na awo ga abin da manomi yake nufi da riƙe ciki. A lokaci guda kuma tsohuwar ƙimar da ake ba cikar jiki, a matsayin shaidar hutu da kyakkyawan riƙo a gidan miji, ta sami sabuwar kasuwa a kemis, inda wasu 'yan mata da amare suke sayen ƙwayoyin da ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. Galibinsu ba sa wuce sifurohefitadin, maganin ƙaiƙayi da mura wanda yake buɗe ciki, ko dekizametason, wanda yake kumbura fuska da ciki, yana haddasa ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi ga wanda ya daɗe yana sha. Wannan ciniki ne da ya cancanci a sa masa ido fiye da yadda ake yi.

Duk da haka, wanda ya dubi tarihin binciken daga ƙasar Malumfashi ba zai kasa ganin karkatarsa ba. Dukiya da basirar da aka zuba sun tafi ne wajen koya wa ciki ya ƙi abinci, domin a can masu iya biya suke, yayin da tambayar da Tomkins ya bari, wato yadda za a sa yaro marar lafiya ya karɓa, ta sami kaso kaɗan. Girelin, wanda shi ne ya fi dacewa da wannan bukata, ya kai ga wani magani mai kwaikwayonsa, anamorelin, da Japan ta amince da shi a 2021 domin masu ciwon daji da suka rame. Daga cikin ayyukan da suka juya wajen yaran Afirka akwai wanda masanan Jami'ar Duke da takwarorinsu na Yuganda suka yi a Asibitin Mulago na Kampala, aka wallafa a 2014, kuma sakamakonsa ya warware wani ɓangare na tsohon ɗaurin kai. Yaran da aka kwantar da tamowa mai tsanani girelinsu a sama yake, wato tumbi yana kiran abinci da iyakar ƙarfinsa, amma PYY da GLP-1 masu cewa a dakata su ma a sama suke, leftin kuwa ya faɗi ƙasa warwas, kuma ƙarancin leftin, alamar ƙarewar kitse, shi ne ya fi kowane awo nuna yaron da yake cikin hatsarin mutuwa. Idan aka haɗa wannan da sinadaran da garkuwar jiki take saki yayin yaƙi da ƙwayoyin cuta, waɗanda su ma suke kashe sha'awar ci, sai a fahimci cewa yaron da ya kau da kai ba taurin kai yake yi ba, uwarsa kuma ba sakaci ta yi ba, saƙonni ne masu karo da juna suka yi wa ƙwaƙwalwarsa yawa.

Sauyin da ya fi ceton rayuka a wannan fage bai fito daga allura ba, daga gyaɗa ya fito, kuma a ƙasar Hausa aka yi masa babban gwaji. A 1996 likitan yara André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa suka haɗa wani abinci na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da suga da mai da sinadaran gina jiki, mai suna Plumpy'Nut, wanda ƙunshinsa na giram 92 yake ɗauke da kalori 500, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Da yake babu ruwa a cikinsa ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa a ciki, ba ya bukatar dahuwa, uwa tana iya ba da shi a gida. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma akasarinsu ba a kwantar da su ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan tsari na jinyar tamowa a cikin al'umma, Nijeriya kuma ta fara aiki da shi a 2009.

Tsarin yana bukatar hanyar da za a raba yaron da zai iya komawa gida da wanda dole a kwantar, kuma hanyar da aka zaɓa ita ce tsohuwar tambayar mai dubiya, an mai da ita ƙa'idar asibiti da sunan gwajin cin abinci. Bukatarta ta ƙaru a 'yan shekarun nan, tun da hare-haren 'yan bindiga suka hana manoman Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara zuwa gonakinsu na nesa, farashin taki da na hatsi ya tashi, tallafin ƙasashen waje kuma ya ragu. A Yulin 2025 MSF ta bayyana cewa a wata shida na farkon shekarar ta yi jinyar yara kusan 70,000 masu tamowa a Jihar Katsina, 652 daga cikinsu suka rasu a cibiyoyinta. Idan aka kawo yaro, ma'aikacin lafiya yakan zagaya ɗan tsirin awo mai launi uku a damtsensa, kuma duk wanda ya gaza santimita 11.5 ya faɗa ja, sannan ya danna bayan ƙafarsa da yatsa ya ga ko kumburi zai bar rami. Daga nan sai a kai uwa wuri marar hayaniya, ta wanke hannu, ta ɗora yaron a cinya, ta yaga ƙunshin abincin tamowa ta riƙa ba shi a hankali da ruwan sha a kusa, ba tare da ɗure ba, na kimanin rabin awa ko fiye. Yaron da ya ci gwargwadon abin da aka ƙayyade wa nauyinsa, kuma ba shi da wata cuta mai tsanani, ana sallamarsa da magani da awon mako guda, wanda ya kau da kai kuwa ana ba shi gado, a fara shi da madara ta musamman mai sauƙi, kaɗan-kaɗan bayan kowace awa biyu ko uku, dare da rana, har ranar da zai miƙa hannu da kansa.